Yadda Ake Haɗa Kundin Kan Sarki na Bukukuwan Ƙungiyoyin Ƙasashe

Da wuya wata babbar ƙungiyar ƙasashe ta cika shekara 25 ko 50 ba tare da gidajen wayar mambobinta sun buga mata kan sarki na tunawa ba. An yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya, an yi wa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, haka Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa da NATO da ASEAN, wato ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Mai tara irin wannan kan sarki yana da wani sauƙi da mai tara na tsuntsaye ko na furanni ba shi da shi: ranar kafa kowace ƙungiya sananniya ce, mambobinta ma sanannu ne, don haka tun bai sayi ko ɗaya ba zai iya rubuta abin da zai nema. Da biro da takarda ake fara wannan aiki, zuwa kasuwa sai daga baya.

Mataki na farko: ka tsaya kan ƙungiya ɗaya

Wanda ya ce zai tara na dukkan ƙungiyoyi lokaci guda zai ƙare da tarin takardu marasa kan gado. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai, mai mambobi 193, ta fi ƙarfin mai farawa idan ya ce kowace shekara yake so. Ka zaɓi ƙungiya ɗaya, ko kuma biki ɗaya na babbar ƙungiya, misali cikar Majalisar shekara 25 a 1970.

Ga mai farawa, ƙaramar ƙungiya ta fi daɗin aiki domin ana iya ganin ƙarshenta. Majalisar Fahimtar Juna, wadda sunanta a kan sarki yake Conseil de l'Entente, ƙasashe huɗu ne suka kafa ta a 1959: Kwaddibuwa, Nijar, Dahomey da Haute-Volta. Togo ta shigo a 1966. ASEAN ƙasashe biyar ne suka kafa ta a Bangkok ranar 8 ga Agusta 1967: Indunusiya, Maleshiya, Filifin, Singafo da Tailan. Idan kuwa kana son abu mai dogon tarihi, babu kamar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, wadda ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya da shekara 71.

Mataki na biyu: ka zana kalandar ƙungiyar

Ka rubuta shekarar kafuwa a saman shafi, sannan ka lissafo 10, 20, 25, 30, 40, 50, 75 da 100 a ƙarƙashinta. Waɗannan shekaru ne za ka buɗe a katalogi, wato littafin da ya jera kan sarkin kowace ƙasa. Ga ranakun da aka fi yawan bukata:

UPU: yarjejeniyar Bern, 9 ga Oktoba 1874.
Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa: Alƙahira, 22 ga Maris 1945.
Majalisar Ɗinkin Duniya: 24 ga Oktoba 1945.
NATO: Washington, 4 ga Afrilu 1949.
OPEC: Bagadaza, Satumba 1960.
Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka: Adis Ababa, 25 ga Mayu 1963, da ƙasashe 32.
ECOWAS: yarjejeniyar Legas, 28 ga Mayu 1975, da ƙasashe 15.
Ƙungiyar Gidajen Waya ta Afirka, PAPU: Arusha, 18 ga Janairu 1980.

A nan akwai tarko, kuma shi ne yake sa kundin mutane da yawa ya zama da giɓi ba su sani ba. Kusan kowace yarjejeniya tana da rana biyu, ranar da aka sa hannu da ranar da ta fara aiki, kuma ba kowace ƙasa ce take ƙirgawa daga rana ɗaya ba. An sa hannu kan yarjejeniyar Bern a 1874, amma sai 1 ga Yuli 1875 ta fara aiki. Shi ya sa Suwizalan ta fitar da kan sarkin cikar ƙungiyar shekara 25 a 1900, alhali bikin shekara 75 a 1949 aka yi shi, na shekara 100 kuma a 1974. Kundin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya an sa masa hannu a San Francisco ranar 26 ga Yuni 1945, ya fara aiki a Oktoba, don haka a shekarar biki za ka ga wasu ƙasashe sun fitar da nasu a Yuni, wasu a Oktoba. Yarjejeniyar Rum da ta haifi kasuwar tarayyar Turai an sa mata hannu ranar 25 ga Maris 1957, ta fara aiki 1 ga Janairu 1958. Tarayyar Afirka kuwa, wadda ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a Durban aka ƙaddamar da ita a Yuli 2002, amma a 2013 ta yi bikin shekara 50, domin daga 1963 ta ƙirga.

Ban da wannan, gidajen waya kan makara. Kan sarkin da aka shirya wa wata shekara yakan fito a mai bi mata saboda jinkirin maɗaba'a. Dokar da za ka riƙe ita ce: duk shekarar da ka rubuta, ka duba ta gabanta da ta bayanta.

Mataki na uku: su wane ne mambobi a shekarar?

Wannan shi ne matakin da ya fi ba da aiki, kuma a ganina shi ne yake bambanta kundi mai ma'ana da tarin hotuna. A gaban kowace shekarar biki, ka rubuta ƙasashen da suke cikin ƙungiyar a lokacin, ba waɗanda suke ciki yau ba.

Maroko ta fice daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1984, ba ta dawo ba sai 2017, cikin Tarayyar Afirka. Afirka ta Kudu ba ta shiga ba sai 1994. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, sannan ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar ta tabbata a Janairu 2025, watanni kaɗan kafin ƙungiyar ta cika shekara 50. Suwizalan, duk da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva, sai 2002 ta zama cikakkiyar mamba. Ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta karɓi Mozambik a 1995, Ruwanda a 2009, Gabon da Togo a 2022, kuma babu wadda take cikin jerin tsoffin mambobi. Idan ka san waɗannan, ba za ka ɓata lokaci kana neman abin da ba a taɓa bugawa ba, kuma gurbin da ya zauna babu komai a shafinka zai zama yana da bayani.

Sai batun suna. Dahomey ta koma Benin a 1975, Haute-Volta ta koma Burkina Faso a 1984, Ceylon ta koma Sri Lanka a 1972, Kwango ta Kinshasa kuma Zaire take daga 1971 zuwa 1997. Wasu ƙasashe da harshensu suke rubuta sunansu: Helvetia Suwizalan ce, Suomi Finlan, Magyar Hangare, Sverige Suwidin. Birtaniya ba ta rubuta suna sam, kan mai sarauta kawai take sawa, tun daga kan sarki na farko a duniya da ta fitar a 1840. Gajerun sunayen ƙungiyoyin ma suna juyawa bisa harshe, kuma dole ka san duka idan za ka yi bincike a intanet: UN da ONU abu ɗaya ne, wato Majalisar Ɗinkin Duniya, haka OAU da OUA na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ECOWAS da CEDEAO, NATO da OTAN.

Mataki na huɗu: ka san irin abin da ake bugawa

Mafi yawa shi ne kowace ƙasa ta yi nata zane yadda ta ga dama, ta sa tambarin ƙungiya da adadin shekaru. Babu wani abin bayani a kansa.

Na biyu shi ne zanen tarayya, inda ƙasashe da yawa suke buga hoto iri ɗaya, suna da kuɗi kawai suke bambanta. Mashahurin misali shi ne na cikar UPU shekara 75 a 1949. Gommai daga yankunan da Ingila take mulka, ciki har da Najeriya da Gold Coast (Ghana ta yau) da Gambiya da Saliyo, sun fitar da kan sarki huɗu-huɗu masu zane ɗaya a watan Oktoba. Yankunan Faransa ma sun yi nasu na jirgin sama a wannan shekara, sai dai kada ka nemi sunan Nijar ko Senegal a kai, domin da sunan Afrique Occidentale Française, wato Afirka ta Yamma ta Faransa, aka buga. Bayan samun 'yanci, ƙasashen renon Faransa sun ci gaba da wannan al'ada. Ƙungiyarsu ta gidajen waya da sadarwa, UAMPT, da aka kafa a 1961, ta samu jerin tarayya a 1971 na cikar shekara 10, da hoton gininta na Brazzaville.

Turai ce ta fi kowa daɗewa a wannan fage. A Satumba 1956 ƙasashe shida, Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Lukzambag, suka fitar da kan sarkin Europa na farko, hasumiya ce da aka gina da haruffan kalmar, katakon magina na kewaye da ita. A 1959 aka kafa ƙungiyar gidajen waya da sadarwa ta Turai, CEPT, kuma zanen 1960 ƙafar keken doki ce mai sanduna 19, kowace sanda ƙasa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta. Daga 1974 aka daina tilasta zane ɗaya, aka koma maudu'i ɗaya kowa ya zana nasa, amma akan dawo da zanen tarayya lokacin biki: gada a 1984 da CEPT ta cika 25, sai kuma a 2016 da Europa ta cika 60. Tun 1993 ƙungiyar PostEurop ce take riƙe da shirin. Daga cikin shidan nan na 1956, na Lukzambag ne ya fi tsada, don haka shi ne za ka bari sai idonka ya buɗe.

Na uku na musamman ne. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da hukumar gidan waya tata, tana buga kan sarki da sunanta duk da ba ƙasa ba ce. Na farko ya fito ranar 24 ga Oktoba 1951 da kuɗin Amurka. A 1969 aka ƙara na Geneva da kuɗin Suwizalan, a 1979 na Vienna da shilin ɗin Ostiriya, wanda yanzu ya koma yuro. Kowanne ba ya aiki sai a wasiƙar da aka jefa a ofishin Majalisar na wannan birni. Ƙaramin fallen da aka fitar a 1955 na cikar shekara 10, mai ɗauke da kan sarki uku na santi 3 da 4 da 8 marasa haƙora, wato babu huda a gefensu, shi ne abin da masu tara na farko-farkon Majalisar suka fi nema. Wanda yake son ya fara labarin daga tushe zai haɗa da kan sarkin santi 5 da Amurka ta fitar ranar 25 ga Afrilu 1945, ranar buɗe taron San Francisco, mai sunan Franklin D. Roosevelt, da kuma na Suwizalan da aka yi wa rubutun Société des Nations a kai daga 1922 don ofisoshin tsohuwar majalisar da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya.

Akwai kuma ambulan na ranar farko, wato ambulan da aka manna wa sabon kan sarki aka buga masa hatimin ranar da ya fito. Yana da kyan gani, kuma yana tabbatar da rana. Amma wasiƙar gaske da wani ya aika wa wani, da adireshi da hatimin hanya, ta fi shi wuyar samu, masu baje koli kuma sun fi girmama ta.

Mataki na biyar: katalogi

Manyan katalogi huɗu ne: Stanley Gibbons na Ingila, Scott na Amurka, Michel na Jamus, da Yvert et Tellier na Faransa. Gibbons ya fi zurfi a ƙasashe renon Ingila, Yvert a renon Faransa, Michel a Turai. Scott yana da wani sashe a farkon littafi da ya tara zanukan tarayya wuri guda tare da jerin yankunan da suka buga kowanne, abin da zai rage maka rabin aikin mataki na uku. Kowane katalogi da lambobinsa, ba sa haɗuwa, saboda haka ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Tsohon bugu ya isa idan tsofaffin shekaru kake bi. Farashin da ke ciki ma'aunin kwatanci ne kawai, galibi ana sayarwa ƙasa da shi sosai.

Yanzu ka yi jadawali, a littafi ko a kwamfuta: ƙasa, shekara, lambar katalogi, yawan kan sarki a jerin, da gurbin alama idan ka samu. Yawan nan yana da muhimmanci, domin jerin huɗu da aka rasa mai babban kuɗi a cikinsa yakan zama da wuyar cikewa daga baya. Ka sayi jeri cikakke duk lokacin da ya yiwu.

Mataki na shida: saye, da gane abin da bai cancanci kuɗinka ba

Sababbi ana samunsu daga sashen masu tara kan sarki na hukumomin gidan waya, kuma da yawa suna sayarwa ta intanet. Tsofaffi sai wajen dillalai, gwanjo, ko musaya da 'yan'uwa masu tarawa. Kafin ka biya, ka nemi hoton gaba da baya. A baya ake ganin gaskiya: ko danƙon asali yana nan, ko akwai tabon liƙi, ko takardar ta yi sirara a wani wuri, ko ɗigon tsatsa ya fara. A jerin dillalai, MNH ko taurari biyu na nufin sabo da danƙonsa cikakke, tauraro ɗaya na nufin an taɓa liƙa shi a kundi, CTO kuma na nufin an buga masa hatimi a ofis don sayarwa ba tare da ya taɓa ɗaukar wasiƙa ba. Za ka gane CTO da hatimi mai tsabta a kusurwa alhali danƙo yana nan a baya.

Babbar matsalar wannan fanni ita ce ambaliyar kan sarkin da kamfanonin dillanci suke bugawa da sunan ƙananan ƙasashe don aljihun masu tarawa kawai. Da Europa ta cika shekara 50 a 2006, ƙasashe da dama da ba su da alaƙa da Turai sun fitar da falle-falle na bikin. Wasu halastattu ne a hukumance, amma ba su faɗi komai game da ƙungiyar ba. Jerin mambobin da ka rubuta shi ne garkuwarka: idan ƙasa ba ta ciki, ba dole ba ne ta shiga kundinka.

Mafi muni shi ne na jabu, wanda aka buga da sunan ƙasa ba da saninta ba, ko da sunan yankin da ba shi da gidan waya. UPU takan rarraba wa mambobinta sanarwar gargaɗi idan wata ƙasa ta kai ƙara, kuma tun 2002 akwai tsarin WNS, inda hukumomin gidan waya suke rajistar abin da suka fitar, kowane kan sarki da lambarsa, ana iya dubawa a intanet. Ba kowace ƙasa ce take rajistar komai ba, don haka rashin ganin abu a can ba hujja ce ta jabu ba. Amma idan babu shi a WNS, babu shi a katalogi, kuma ana sayar da shi da yawa a farashin banza, ka bar shi. Araha ba ta ado.

Mataki na bakwai: kayan aiki da adanawa

Abu huɗu sun isa a fara: hantsakin kan sarki mai faɗin baki marar kaifi, gilashin ƙara girma, ma'aunin haƙora, da kundi mai aljihuna. Ma'aunin yana ƙirga yawan hudar da ke cikin santimita 2, kuma wani lokaci wannan ƙirga kaɗai ce take raba bugu biyu masu zane ɗaya. Kada yatsa ya taɓa danƙo, gumi yana barin tabon da ba ya fita.

Idan kan sarki yana manne a ambulan, ka dakata kafin ka yanke. In tsohon ambulan ne cikakke da hatimi mai karantuwa, ka bar shi yadda yake, ya fi daraja a haka. In guntun takarda ne, ka jiƙa shi a ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi kamar minti 10 zuwa 15 har ya saki da kansa, ka ɗauraye ragowar danƙon, ka kifa shi a takarda mai shan ruwa, in ya kusa bushewa ka danne shi da littafi mai nauyi. Takarda mai launi, musamman ja, ka jiƙa ta ita kaɗai domin tana zuba. Na zamani masu manne kansu yawanci ba sa saki a ruwa, sai a yanke takardar a bar ɗan gefe.

Danshi ne babban abokin gaba. Yana manne sabon kan sarki a shafi, yana kawo fumfuna da tsatsa. Ka ajiye kundi a tsaye, kada ka jibga su a kwance, nesa da bango mai laima da hasken rana, kuma ka riƙa buɗe shafukan lokaci-lokaci su sha iska. Salatif da gam na ofis ba su da wuri a wannan aiki, haka leda mai laushi ta PVC, wadda take lalata launi a hankali. Ga sababbi, ka yi amfani da aljihunan manni na musamman da ake sayarwa don kan sarki.

Mataki na takwas: tsara shafuka

Kana da zaɓi biyu, ko bisa ƙasa ko bisa shekarar biki. Na biyun ya fi dacewa, domin shafi ɗaya zai nuna yadda ƙasashe daban-daban suka kalli rana ɗaya, wa ya sa tutoci, wa ya sa taswira, wa ya sa hoton shugabansa. Ka buɗe kundin da shafin kafuwa: wuri, rana, ƙasashen farko. A ƙarƙashin kowane kan sarki layi ɗaya ko biyu ya isa, ranar fitowa da abin da zanen yake nufi. Misali, a yawancin na UPU za ka ga mutane biyar suna miƙa wa juna wasiƙa kewaye da duniya. Wannan gunkin tunawa ne da ke Bern, aikin René de Saint-Marceaux, da aka buɗe a 1909, kuma daga gare shi aka ɗauko tambarin ƙungiyar.

Idan kana tunanin baje koli wata rana, ka tsara shafukanka sha shida-sha shida, domin allon baje koli ɗaya shafi 16 yake ɗauka, kuma akwai rukunin gasa na allo ɗaya tak, wanda ƙaramar ƙungiya za ta cika shi daidai.

Daga ƙarshe ka bar shafuka a buɗe don abin da ke tafe, ka kuma sa shekarun a kalandarka: ASEAN za ta cika 60 a 2027, NATO 80 a 2029, PAPU 50 a Janairu 2030. Sabon kan sarki a watannin farko na fitowarsa ake samunsa a kan kuɗin da aka rubuta a fuskarsa, kuma ƙasashen da suke buga kaɗan nasu yakan ƙare da wuri, saboda haka su za ka fara nema.